Yadda Ake Sanin Darajar Ɗan Wasan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar dabbobi a Gusau ko Tsafe ya san ba a sayen san noma don ƙibarsa kaɗai. Sai an buɗe bakinsa an dubi haƙora, a kora shi a ga tafiyarsa, a tambaya ko ya saba da garma, sa'an nan a shiga ciniki. Amma abin mamaki, mu ɗalibai da muka san wannan tun muna ƙanana, da zarar an soma gardamar 'yan wasa bayan cin abincin dare sai mu manta. Abin da za ka ji kawai shi ne, "Wane ya fi kowa, ai shi ya fi cin maki." To, 'yan'uwana, ina so in nuna muku cewa yawan maki ƙiba ce kawai, kuma zan kafa hujja da aikin wani mutum da ya tashi a Zariya.

Sunansa Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma. Can ya koyi ƙwallon kwando, ya kuma samu horo a hannun wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson. Bai taɓa buga wasa a NBA ba, wato babbar gasar Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 30. Baiwarsa ita ce ido. Ya fara da yawon duba matasan 'yan wasa ba tare da albashi ba, har ya zama babban manajan ƙungiyar Denba a 2010. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajoji na gasar, a shekarar kuma ya koma ƙungiyar Toronto.

Kafin in ci gaba, ya kamata iyayenmu su san cewa cinikin NBA ya bambanta da na ƙwallon ƙafa. Ba a zuba kuɗi a ɗauki mutum. Furfure ake yi: ka ba ni ɗan wasanka in ba ka nawa, wani lokaci a haɗa da damar zaɓen sabon yaro a shekara mai zuwa. Akwai kuma ƙa'idar da ta ƙayyade jimlar albashin da ƙungiya za ta biya. Saboda haka duk dalar da aka ba mutum ɗaya, an hana wani ke nan.

Da Ujiri ya isa Toronto ya tarar da wani ɗan wasa mai suna Rudy Gay. Rudy yakan ci maki 19 ko fiye a kowane wasa, albashinsa kuwa ya kusa dala miliyan 18 a shekara. A ma'aunin gardamarmu ta ɗakin kwana, wannan ai gwani ne. Amma a lura, a ƙwallon kwando karɓa-karɓa ake yi. In ka jefa ba ta shiga ba, galibi ƙwallon ta koma hannun abokan gaba, abokanka huɗu kuma sun yi gudun banza. Don haka tambayar farko ba "maki nawa ya ci?" ba ce, a'a, "sau nawa ya jefa kafin ya ci su?" Manomi biyu kowa ya sami buhu 20 na dawa, ɗaya a eka biyu, ɗaya a eka goma da taki mai yawa. Wa ya iya noma? A farkon kakar wasa ta 2013, cikin kowace jifa goma da Rudy ya yi, ko huɗu ba sa cika shiga. Akwai daren da ya jefa sau 37, guda 11 kawai suka shiga. Ya tashi da maki 29, wanda ya karanta sakamakon da safe sai ya ce ya yi bajinta, alhali kuwa ƙungiyarsa ta sha kashi.

A watan Disamba na 2013, bayan Toronto ta ci wasa 6 an cinye ta 12, Ujiri ya miƙa Rudy ga ƙungiyar Sakramento, ya karɓi mutum huɗu waɗanda ba wanda ke tashi tsaye don ya kalle su. Sai ga ƙwallo ta fara zagayawa hannu zuwa hannu. Toronto ta ƙare shekarar da nasara 48 cikin wasa 82, ta shiga zagayen fitar da gwani karo na farko tun 2008.

Kada wani ya ɗauka Rudy ba shi da amfani. Da ya je Sakramento jifarsa ta gyaru ƙwarai. Abin da ya faru shi ne, a Toronto akwai wani mai irin wasansa, DeMar DeRozan, ƙwallo kuwa guda ɗaya ce. Ashe darajar ɗan wasa ba a jikinsa kaɗai take ba, har da waɗanda zai tsaya tare da su. San da ya dace da wannan abokin ja, mai yiwuwa ne ya ƙi tafiya da wancan.

Ciniki na biyu shi ne mai ɗaci. DeRozan ya shekara tara a Toronto, ya fi kowa cin maki a tarihin ƙungiyar, mutanen gari suna sonsa, shi ma yana son garin. A kakar da ta ƙare a 2018 yana cin maki 23 a wasa, ƙungiyar ta yi nasara sau 59. Amma shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, ƙungiyar Kilibland ta LeBron James ce ke koro su gida a zagayen fitar da gwani, sau biyu ma ba su ci ko wasa ɗaya ba. A watan Yuli na 2018 Ujiri ya ba San Antoniyo DeRozan da Jakob Poeltl da damar zaɓe ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green.

A duba irin kasadar. Kawhi wasa 9 kawai ya buga a shekarar da ta gabata saboda ciwon cinya. Saura shekara ɗaya rak a kwantiraginsa, kuma ba a ga alamar yana sha'awar zama a Kanada ba. Waɗannan abubuwa biyu, lafiya da sauran wa'adi, su suka karya farashinsa, don da lafiyarsa ƙalau da dogon kwantiragi, San Antoniyo ba za ta ko saurari tayin ba. To me Ujiri ya gani? Ya ga rabin wasan da jadawalin maki ba ya nunawa, wato tsaro. Sau biyu, a 2015 da 2016, aka zaɓi Kawhi wanda ya fi kowa iya tare abokin gaba. Wanda ya ci 25 ya bari aka ci 25 ta wajensa, me ya ƙara? Kuma a 2014 Kawhi ya riga ya zama gwarzon wasan ƙarshe, wato an gwada shi a ranar da hantar maza ke kaɗawa.

Toronto ta lallaɓa shi kamar ƙwai, wasa 60 ya buga cikin 82. Da aka zo zagayen fitar da gwani sai ya riƙa cin maki 30 a wasa. A karawa ta bakwai da Filadelfiya, shi ya yi jifar ƙarshe, ƙwallon ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. A watan Yuni na 2019 Toronto ta doke Golden State da wasa 4 da 2, ta ɗauki kofi, karo na farko da ya fita daga Amurka.

Ni dai a ganina Ujiri ya yi daidai, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai sa'a a ciki. Da ƙwallon nan ta faɗo waje, sai an ƙara lokaci, kuma Allah kaɗai ya san wanda zai ci. Manyan 'yan wasan Golden State biyu, Kevin Durant da Klay Thompson, sun ji ciwo a wasannin ƙarshe. Akwai kuma abin da lissafi ba ya aunawa: DeRozan ya nuna a fili cewa an ci amanarsa, kuma na san iyayenmu da yawa za su goyi bayansa, don a wurinmu ba a sallamar mutumin da ya shekara tara yana yi maka aiki tsakani da Allah.

Abin da ake tsoro kuma ya auku. Wata guda bai cika ba da ɗaukar kofin, Kawhi ya tattara kayansa ya koma Los Anjalas, kusa da inda aka haife shi, Toronto ba ta sami ko anini a madadinsa ba. Ujiri ya ci gaba da jagorancin ƙungiyar har watan Yuni na 2025, lokacin da suka rabu, bai sake kai ta wasan ƙarshe ba.