Ƙwan da Ke Barci a Gwangwani

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Madina, sai dai ba kasuwar dabino za mu shiga ba. Firijin masu kiwon kifin ado za mu leƙa, inda ake ajiye wani gari ruwan ƙasa da ake kira artemiya. Wanda duk ya taɓa ƙyanƙyasar tarwaɗa a Kano ko Zariya ya san sunan, ya kuma san tsadarsa.

In ka buɗe gwangwaninsa, za ka rantse yashi ne mai laushi. To amma kowace ƙwaya ƙwai ce, kuma akwai rai a cikinta. Uwar da ta saka shi 'yar ƙaramar halitta ce dangin jatan lande, tsawonta wajen santimita 1, tana rayuwa a tafkunan da gishirinsu ya fi ƙarfin kifi. Idan ta ji yanayi zai ɓaci, sanyi na tafe ko gishiri ya yi yawa, sai ta daina haihuwar 'ya'ya masu motsi, ta koma saka ƙwai mai tauri wanda zai bushe ya yi barci. A giram 1 kacal ana samun ƙwai sama da 200,000. Ka zuba shi a ruwan gishiri, ka ba shi iska da haske, kafin warhaka gobe ruwan ya cika da 'yan mitsi-mitsin halittu masu launin lemo suna wutsil-wutsil, kowanne bai kai rabin milimita ba. Su ne abincin farko na jariran kifi, waɗanda bakinsu bai isa cin garin abinci ba, kuma da yawansu sai abu ya motsa suke kai masa cafka.

Wani ma'aikacin gidan kifin Steinhart a birnin San Faransisko na Amurka, Alvin Seale, shi ya bayyana wannan amfani a 1933. A 1939 Gunnar Rollefsen ya gwada shi a Norwe kan jariran kifin teku, ya ga yana yi. Daga nan masu kiwo suka huta da bin kududdufai da rariya suna neman ƙwarin ruwa. Abinci mai rai ya koma abin da za ka ajiye a kan kanta, ka tashe shi ranar da kake so.

Amma fa tun kafin Turawa su waye da shi, akwai masu cin artemiyar da kanta. A Fezzan ta ƙasar Libiya, yankin da ayarin fatake daga Kano ke ratsawa zuwa Tarabulus, mutanen Dawada da suka zauna a bakin tafkunan gishiri na Ubari suna tace ta daga ruwa, su kirɓa, su shanya, su ci da dabino.

(Kiɗa kaɗan)

Gwangwanin da ke kan kanta a Madina ya sha tafiya. Babban tushen wannan ƙwai shi ne Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka, wanda ke ba duniya wajen kashi 40 cikin 100 na abin da take amfani da shi. Ana buɗe kakar kwasa ranar 1 ga Oktoba, a rufe a ƙarshen Janairu, ko kafin nan idan hukumar kula da namun dajin jihar ta ga ƙwan da ya rage a ruwa ya yi kaɗan. Ƙananan jiragen sama ke shawagi su hango inda ƙwan ya taru yana yawo a saman ruwa, sai jiragen ruwa su kewaye shi su zuƙe. Sauran na fitowa ne daga tafkunan Saiberiya a Rasha, da Kazakistan, da Sin, da kuma gonakin gishiri na Vinh Chau a Biyetnam, inda manoma ke noma shi da gangan tun shekarun 1980. A watan Nuwamba na 2022 ruwan tafkin Yuta ya ja baya fiye da yadda aka taɓa aunawa, gishirinsa ya ƙaru, hankalin masu gonakin jatan lande ya tashi a faɗin duniya. Saudiyya ma tana cikin masu irin waɗannan gonaki: akwai katafariyar gonar kamfanin Naqua a garin Lis, kudu da Jidda.

Bayan an kwaso, a wanke, a sanyaya, a busar har ruwan jikinsa ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100, sannan a zuƙe iskar gwangwani a liƙe. A wannan hali ƙwan na iya shekaru yana jira. Har sararin samaniya an kai shi a kumbon Apollo 16 da Apollo 17 a 1972, don a ga abin da hasken can zai yi masa.

To abin da ya je wata ya dawo, me zai kashe shi a ɗakin mai kifin ado? Danshi, da iska, da zafi. Kuma danshin shi ne babba.

Manomi ya san wannan. Irin gero ya kan shekara a rumbu lafiya lau muddin yana bushe. Amma in raɓa ta taɓa shi, ya soma tunanin tsiro, sannan ya sake bushewa, to ya tashi daga iri. Haka ƙwan artemiya. Yana zuƙar ruwa daga iskar ɗaki. Da zarar ruwan jikinsa ya haura, sai ɗan tayin da ke ciki ya fara farkawa, ya soma cin guzurin da uwarsa ta ɗaure masa. Ruwan bai isa ya ƙyanƙyashe ba, bai kuma bar shi ya yi barci ba. A haka guzurin zai ƙare. Ran da ka zuba shi a ruwan gishiri, ba shi da ƙarfin fasa ɓawo. A ido garin bai canza ba, shi ya sa mutum zai kama zagin mai shago cewa ya sayar masa da jabu. Ban ce babu jabu a kasuwa ba, akwai. Amma sau da yawa lafiya lau aka sayo shi, a hannun mai shi ya mutu.

A nan mutanen Madina suna da sa'a ɗaya. Iskar garin busasshiya ce kusan duk shekara, ba kamar Jidda ko Yanbu da ke bakin Bahar Maliya ba, inda gumi ke bin mutum har cikin dare. Sai dai abin da Madina ta bayar da hannun dama, ta kan karɓe da na hagu. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin rana na kaiwa digiri 43 ko fiye. Motar da aka bari a rana da gilasai a rufe kuwa, cikinta na iya haura digiri 60, kuma daga nan ne ko busasshen ƙwai yake fara jin jiki. Saboda haka Alhaji, in ka sayo, kada ka bar ledar a kan kujera ka shiga masallaci, daga nan ka wuce gaishe-gaishe. Gida tukuna.

A gida ma akwai tarko, kuma firijin ne da kansa yake ɗana shi. Sanyi shi ne gatan wannan ƙwai: ƙasa da digiri 10 ake so, firijin gida kuma yana wajen digiri 4. Amma ka lura da abin da ke faruwa idan ka fito da kwalbar ruwan sanyi ka ajiye: nan da nan ta yi gumi. Idan ka fito da gwangwanin ƙwai ka buɗe shi da sanyinsa, wannan gumin a kan ƙwan zai sauka. Ka ɗebi cokali, ka rufe, ka mayar, ka kulle danshin a ciki ke nan. Gobe ka sake. Kicin ɗin da ake dafa shinkafar kabsa da shayi ba ya rasa tururi, ko da a Madina ne.

Maganin ba shi da wuya. Ranar da ka fasa gwangwani, irin mai giram 425 ɗin nan, raba shi nan take. Nemi ƙananan kwalabe masu murfi da ke kama baki sosai, busassu ƙarau, ka cika kowace har wuya don kada iska ta sami wurin zama. Wadda za ka yi aiki da ita cikin 'yan makonni ta zauna a firiji. Sauran su tafi firiza, kada a taɓa su. In za ka ɗiba, fito da kwalbar ka bar ta a rufe har sanyinta ya huce, sannan ka buɗe, da busasshen cokali. Wanda ya fito daga firiza kuwa yana son haƙuri. Littafin jagora da Patrick Lavens da Patrick Sorgeloos na Jami'ar Gent ta Beljiyam suka shirya wa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1996 ya ba da shawarar a bar irin wannan ƙwai ya yi mako guda a yanayin ɗaki kafin a jiƙa shi.

Ni a ganina ma, mai akwatin gilas ɗaya ko biyu ba shi da haɗi da babban gwangwani. Arahar da ya hango ba za ta kai shi ko'ina ba, domin kafin ya ci rabi sauran ya lalace. Ya sayi ƙarami, ko su haɗa kuɗi da abokai su raba.

(Kiɗa kaɗan)

Mu dawo gida. A arewacin Najeriya ba ado ake yi da artemiya ba, jari ne. Jaririn tarwaɗa yana ƙarar da gwaiduwar cikinsa a kwana na 3 zuwa na 4 bayan ƙyanƙyasa, daga nan sai ya buɗe baki. In ka jiƙa ƙwai tun jiya da safe, ka wayi gari bai fasa ba, dubban jarirai ne ke jira da yunwa, kuma tarwaɗa in ta ji yunwa 'yar'uwarta take ci. Ga shi kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala.

Tsadar ce ta sa wasu 'yan kasuwa ke fasa gwangwani su ƙulla a leda su riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Babu laifi a niyyar, amma ƙullin leda da ya kwana a kan tebur cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, ƙwan da ke ciki sai dai a yi masa addu'a. Tambayi mai kaya yaushe ya fasa, a ina kuma yake ajiyewa. Ga kuma matsalar wuta: firijin da ke yin sanyi ya huce, ya sake sanyi ya huce, gumi yake tarawa, don haka murfin kwalbarka ya fi komai muhimmanci. Wanda ba shi da firiji, yana iya gwada tukunya cikin tukunya, dabarar nan da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana rage zafi da rani da hunturu, amma da jiƙaƙƙen yashi take aiki, sai kwalba ta zama ta gilas mai rufi gam. Da damina ba ta da wani tasiri.

Kafin ka yi wa uwar kifi allurar da za ta sa ta saki ƙwai, gwada ƙwan artemiyar da kake da shi. Yanke gindin gorar roba, ka kifa ta baki ƙasa. Zuba lita 1 na ruwa da gishiri giram 25 zuwa 30, da ƙwai da bai wuce giram 2 ba. Saka bututun famfon iska har ƙasa, ka kunna fitila a kai, ruwan ya zauna tsakanin digiri 25 zuwa 28. Mutanen Madina su kula da wannan, domin ruwan famfonsu, wanda akasarinsa daga matatar ruwan teku ta Yanbu ake turo shi, da zafinsa yake fitowa daga tankin saman gida a lokacin bazara, kuma jiƙaƙƙen ƙwai ba ya jure digiri 40. A tari ruwan ya kwana a ɗaki mai sanyi, sinadarin kilorin ma ya samu ya fita.

Bayan awa 24 kashe famfon ka jira minti 10. Ɓawon da aka fasa zai taso sama, ƙwan da bai fasa ba ya kwanta a ƙasa, masu rai su taru inda haske yake. Idan na ƙasan ya fi yawa, ka san matsayin kayanka tun kafin jarirai su iso. Masu ran ka tace, ka ɗauraye da ruwa mai daɗi, kada ka bari ɓawo ya bi su, domin yana toshe hanjin jarirai. Ka kuma ba da su da wuri: cikin awa 6 zuwa 8 suke saɓa, su ƙone wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abincin da ke jikinsu. In sun yi maka yawa, saka ragowar a ruwan gishiri cikin firiji, za su kai gobe.

A nan za mu dasa aya. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, sai mun sake saduwa. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)