Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne Asalin Kalmar "Fraud"?

Wani mai sauraronmu da ke kai gyaɗa da waken suya kamfanonin Bompai da Sharaɗa ya aiko yana cewa, a takardar da ake ba su a bakin sikeli yakan ga kalmar "fraud", yana son sanin asalinta da abin da ake nufi.

To malam, mun gode. Ana faɗinta "furod", kuma aro Turawan Ingila suka yi. Asalinta Latin ne, harshen Rumawan da, inda ake cewa "fraus". Daga nan ta shiga Faransanci, Ingilishi kuma ya ɗauko ta cikin ƙarni na 14. A bakin Rumawa ma'ana biyu gare ta: yaudara, da kuma cutarwa ko asarar da aka jawo wa wani. Har yau haka take tafe. Idan akawu ya yi kuskuren lissafi ba da gangan ba, ba a kiransa da wannan suna. Sai an yi niyyar ruɗin mutum don a ci haƙƙinsa.

A nan ni dai ina ganin Hausa ta fi fayyacewa. Wanda ya zuba yashi ko tsakuwa a buhun gyaɗa, algus ya yi. Wanda ya taɓa sikeli don buhun taki mai kilo 50 ya koma 47, tauye mudu ke nan. Mai kai fatu da ƙiraga majemun Chalawa ya cusa masu huji a tsakiyar ƙunshi, ha'inci ya yi. Mai buga tambarin wani kamfani a kan kayansa, jabu yake sayarwa. Mai karɓar kuɗin kayan da babu su kuwa, ɗan damfara ne. Bature duk sai ya tattara su ya ce "fraud".

Ka lura fa, kalmar ba ta bar kowa ba. Yadda take hawa kan mai kawo kaya, haka take hawa kan mai awo idan shi ya rage maka nauyi. Saboda haka ka tsaya a auna kayanka a gabanka, ka karɓi rasit.

Shi kuwa "419" da ake ta faɗi, lambar sashe ce a kundin dokar laifuka na kudancin Nijeriya, mai magana kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. A 1995 gwamnatin soja ta yi doka ta musamman a kansa, aka sake ta a 2006.