Yadda Makaho Ke Gane Hanya da Kunne a Wasan Kwamfuta

Idan kana tsaye a bakin titi babur ya taho ta damanka, ba sai ka waiwaya ba, ka san ta inda ya ɓullo. Wannan sanin da ka tashi da shi, har ba ka ɗauke shi a bakin komai ba, a kansa aka gina wani rukuni na wasannin kwamfuta da ake yi domin makafi. A irin waɗannan wasanni babu hoto, ko kuwa akwai shi amma ba ya tsinana komai. Ƙofa da rami da abokin gaba dukkansu da kunne ake gane inda suke. To kafin mu zo kan kayan da mai wasa zai saya, bari mu fara da waɗanda Allah ya ba shi kyauta.

Kunnuwanka biyu ne, kanka kuma yana tsakaninsu. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda cikin iska. Idan ƙara ta taso daga dama, za ta isa kunnen dama kafin na hagu. Ratar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko ta kai maƙura ba ta cika kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, amma ƙwaƙwalwa tana auna ta. Bayan haka kan da kansa yana tare sautin, sai ya isa kunnen hagu da ɗan rauni. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya fayyace wannan a 1907: sauti mai kauri irin na ganga an fi gane inda yake ta ratar lokaci, siriri irin na usur kuma ta bambancin ƙarfi.

Dama da hagu sun warware ke nan. Gaba da baya fa? A nan aikin yake. Ƙarar da ta fito daidai gabanka da wadda ta fito daidai bayanka duk lokaci guda suke isa kunnuwan biyu, da ƙarfi ɗaya. Sa hannu ka shafa fatar kunnenka, ka ji lunguna da tudun da ke ciki. Ba ado ba ne. Sauti yana bugun waɗannan lunguna kafin ya shiga ramin kunne, su ƙara wa wani sashensa kaifi, su rage wa wani. Wanda ya zo ta gaba daban suke sauya shi, wanda ya zo ta baya ko ta sama ma daban. Kafaɗu ma suna da nasu rabon. Ƙwaƙwalwarka ta haddace waɗannan sauye-sauye tun kana jariri, idan kuma ta yi kokwanto sai ka ɗan karkata kai ba tare da ka sani ba, magana ta fito fili.

Yanzu za ka gane abin da na'ura ke ƙoƙarin kwaikwayo. Hanya mafi tsufa ita ce sitiriyo, wato sifika biyu, wadda injiniya Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931. Mai tsara wasa yana ƙara ƙarfin sauti a gefe guda ya rage a ɗayan, sai ka ji dodo yana hagu. Nisa kuma ta rage ƙarar ake nuna shi. Da dabaru irin waɗannan aka yi abubuwan mamaki. A Shades of Doom, wanda kamfanin GMA Games na Kanada ya fitar a 2001, mai wasa yana gane lunguna ta kaɗawar iska da amon takun sawunsa. Sai dai sitiriyo zalla ba ta iya gaya maka gaba ko baya, shi ya sa wasanni da dama sukan ƙirƙiro alama, kamar su dusashe sautin abin da ke bayanka.

Hanya ta biyu ita ce sautin kewaye, wanda ya samo asali daga gidajen sinima. Idan ka ga an rubuta 5.1, ana nufin sifika biyar da ɗaya ta musamman: uku a gaba, biyu a gefe wajen baya, ta shidan kuma tana fitar da rugugi mai kauri. A 7.1 an ƙara biyu. Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, ya ƙaro sama. A nan abin da ke bayanka daga bayanka yake fitowa da gaske, da kunnenka na ainihi kake jin sa. Abin yana da daɗi, amma yana da sharuɗɗa. Sai ka zauna a tsakiya daidai, sai ɗakin bai cika mayar da amo ba, sai kuɗi da wuri da maƙwabta masu haƙuri. Kuma wasannin makafi da yawa hanya biyu kawai suke fitar da sauti, sauran sifikun su zauna ba aiki.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge ni. Tunda duk abin da ƙwaƙwalwa ke samu ta ƙofa biyu yake shiga, me zai hana a shirya sautin tun daga kwamfuta, a sa masa ratar lokaci da inuwar kai da sauyin fatar kunne, sannan a zuba shi kai tsaye ta hedfon? Haka aka yi. Ana sa ƙananan makirfo a kunnen mutum ko na kan roba, irin KU 100 na kamfanin Neumann, a auna yadda sauti ke sauyawa daga kowace kusurwa. Wannan ma'auni shi masana ke kira HRTF. Wasa yana amfani da shi nan take duk lokacin da ka juya. A kan wannan aka gina Papa Sangre, wanda ya fito a iPhone daga Landan a 2010, da A Blind Legend na Faransa a 2015, da The Vale: Shadow of the Crown na Kanada a 2021. Cikas ɗaya ne: kunnen da aka auna ba naka ba ne. Kamar ka ari hular wani ne, za ta zauna, amma wani ta yi masa cif, wani ta yi masa sako-sako. Shi ya sa PlayStation 5 ta fito a 2020 da ma'auni biyar, kowa ya zaɓi wanda ya fi dacewa da shi.

To me mai wasa zai tanada? Katin hoto mai tsada, wanda ke cinye kuɗin masu gani, wasan sauti zalla ba ya buƙatarsa. Katin sauti na musamman ma zamaninsa ya wuce. A da akan nemi Sound Blaster na kamfanin Creative, amma Windows Vista da ta fito a 2007 ta cire hanyar da tsofaffin wasanni ke bi su yi amfani da ƙarfin katin, har wasu suka rasa sautinsu na kewaye. Yau manhaja ce ke yin lissafin, irin OpenAL Soft ko Windows Sonic da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11. Inda ake buƙatar inji mai ƙarfi shi ne manyan wasannin da aka yi wa kowa aka ƙara musu taimakon makafi, kamar The Last of Us Part II na 2020 da Forza Motorsport na 2023, domin na'ura sai ta zana hoton ko da babu mai kallo.

Kuɗinka ya tafi kan hedfon, kuma mai waya. Na Bluetooth yakan jinkirta sauti, sau da yawa fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Mai kallon fim ba zai damu ba, amma wanda ke jiran ƙarar takobi ya kare kansa, kafin ya ji an riga an sare shi. Kada kuma rubutun 7.1 a kwali ya ruɗe ka: galibin irin waɗannan sifika biyu ne a ciki, manhaja ke yin sauran. Wanda aka cika wa rugugi ma ba shi ne ya fi ba, domin alamar gaba da baya a siririn sauti take, rugugin yana binne ta.

Saura 'yan abubuwan da ba sa cin ko sisi. Ka tabbata ɓangaren hagu yana kunnen hagu. Ka duba kada a ce an kunna mono a saitin waya ko kwamfuta, domin yana haɗe hanyoyin biyu su zama ɗaya, dama da hagu su ɓace gaba ɗaya. Idan wasan yana da nasa HRTF, ka kashe Windows Sonic, sarrafawa biyu a kan sauti ɗaya dagula shi take yi. Manhajar karanta allo kuma, irin NVDA da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙiro ake rabawa kyauta, a daidaita muryarta kada ta danne wasan.

Ƙarar ma a yi hattara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80, kuma idan ƙarar ta haura haka, lokacin raguwa yake yi da sauri. Ga wanda kunne ne jagoransa a titi da cikin gida, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan kana da ɗan'uwa makaho da kake son ya gwada, ka samo masa hedfon mai waya da ɗaki marar hayaniya, ka rage ƙarar, sannan ka ba shi lokaci kunnensa ya saba.