Sarauniya da Birahima a Hannun Ɗalibar Gagamari

Duk malamin da ke koyar da adabin Faransanci a Nijar ya san littattafan nan biyu, ko da bai taɓa ɗora su kan teburi ɗaya ba. Na farko shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, can wajen Dogon Dutsi, da yadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Na biyu shi ne Allah n'est pas obligé na Ahmadou Kourouma, mutumin Kodibuwa, wanda ya fito a 2000 ya ci kyautar Renaudot, ya haɗa da Goncourt ta 'yan lise, wadda ɗalibai a Faransa ke zaɓa da kansu. Shi kuma labarin wani maraya ne, Birahima, ɗan shekara goma ko sha biyu, da ya tafi neman innarsa Mahan a Laberiya, ya ƙare da bindiga a kafaɗa cikin yaƙin basasar ƙasar da na Saliyo. A Yamai ko Maraɗi ana iya karanta su a matsayin tarihi da labarin nesa. A kwarin Komadugu ba haka suke sauka ba.

Gagamari ƙauye ne a bakin kwaltar da ta taso daga Damagaram, yamma da garin Diffa, cikin gundumar Shetimari. A ƙarshen Nuwamban 2014 Boko Haram ta kama Damasak, garin da ke tsallaken kogi a Najeriya, dubban mutane suka yo nan. Lokacin kuwa kogin a cike yake ya batse, domin ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da tsaunukan Jos tun damina sai a watannin nan yake isowa ƙasar Barebari. Wasu sun samu kwalekwale, wasu gora, wasu sun faɗa ruwa ba su iya iyo ba. Cikin waɗanda suka haye har da wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba. Ta girma a Gagamari, ta shiga boko a nan, ta kai ajin ƙarshe na lise a Diffa, kuma a hannuna ta ari littattafan biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Sarraounia ta fara ɗauka, ta dawo da shi fuskarta a sake. Akwai dalili. Mamani ɗan jiharmu ta Diffa ne, a Gudumariya aka haife shi a 1932. Ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary, ya sha gudun hijira har Aljeriya, ya dawo bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Kountché ta ɗaure shi, daga baya ya rasu a haɗarin mota a 1993. Yaron da kullum sunan jiharsa ba ya fitowa a rediyo sai da adadin gawa, in ka ce masa littafin da Med Hondo ya mayar fim har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987 ɗan nan ne ya rubuta shi, za ka ga ya gyara zama. Ga shi jarumar mace ce. Samarin ajin wurin gumurzu suka fi so, da kibau, da layu, da yadda tsoron Sarauniya ya shiga zukatan sojojin Nasara har suka fara mafarkinta.

Ita ba nan ta tsaya ba. Ta ce da ni: "Malam, ai ita ma daji ta shiga."

Gaskiya ta faɗa, kuma tarihi yana bayanta. Ranar 16 ga Afrilun 1899 Aznan Lugu sun yi faɗa, sun kashe mutum huɗu cikin rundunar, sannan suka janye cikin sarƙaƙiyar dajin da ke kusa da garin, inda bindiga ba ta da amfani sosai. Faransawa suka ƙone gari ba kowa a ciki. Makonni kaɗan bayan haka rundunar ta auka wa Birnin Ƙonni, mutane na cikin ganuwarsu, aka yi musu kisan da har yau ba a daina maganarsa ba. Littafin da muke koyarwa a matsayin labarin wadda ta ƙi rusunawa, yarinyar nan ta karanta shi a matsayin labarin wadda ta san lokacin da ake kwashe jama'a a bar wa wuta bukkoki. Ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta tashi tana jin ana kiran gidansu gidan 'yan gudun hijira da wata irin murya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma ga sarauniya guda a littafin makaranta ta tabbatar mata.

Amma Sarraounia yana da iyaka a wannan kwari, iyakar kuwa a fuskar abokin gaba take. Mamani bai ɓoye cewa yawancin masu riƙe da bindigar Voulet baƙaƙen fata ne ba, bai kuma ɓoye cewa akwai sarakunan Musulmi da suka ƙi kai wa Sarauniya ɗauki don suna ganin ta arniya ce ba. Duk da haka mai karatu ya san inda zai tsaya tun shafin farko. Mugun daga teku ya zo, farar fata gare shi, ba ya jin yarenka. (Yaƙin ma ya ratsa ta ƙofarmu: bayan sojojinsu sun kashe Voulet da Chanoine a Yulin 1899 wajen Maijirgi, ragowar rundunar a ƙarƙashin Joalland da Meynier ta iso Ngigmi a ƙarshen shekarar.) Waɗanda suka shigo Damasak, suka kuma auka wa Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, ba daga teku suka zo ba. Barbarci suke yi da Hausa, suna sallama kafin su buga ƙofa, wani ma ya san sunan maigidan. Littafin Mamani ba shi da abin cewa a kan wannan.

A nan Kourouma ya shigo, kuma da ƙyar ya shigo. Kwana kaɗan da ba ta littafin na ga ta naɗe bangonsa da takardar buhun siminti, ta liƙe gefen da ƙaro. Sunan Allah ne a bango, ciki kuwa ashar ne tun daga shafin farko, Birahima yana zagi da Malinke yana dariyar gawa, yana buɗe ƙamus huɗu da ya gada don ya yi wa mai karatu bayanin kalmomin da ɗan kirki ba ya furtawa. Ba ta son a gan shi a gida, ba ta kuma son sunan ya taɓa ƙasa. Ta ce: "Malam, wannan yaron ba shi da tarbiyya, kuma wanda ya rubuta shi ya fi shi rashin kunya." Na ce ta dawo da shi in ya dame ta. Ba ta dawo da shi ba sai da ta kai ƙarshe.

Abin da ya riƙe ta wata dabara ce da Kourouma yake maimaitawa. Duk sanda wani yaro mai bindiga ya mutu, in Birahima ya ga dama sai ya tsayar da labari ya ba da tarihin mamacin: wace ce uwarsa, yaya aka yi kuɗin makaranta ya gagara, wace rana ya dawo gida ya tarar an yanka kowa, wa ya fara miƙa masa bindiga da ƙwaya. Yaron da ka gani shafi biyu baya yana harbin mutane a shingen hanya sai ga shi ya koma ɗan wani. Ita kuwa tana da nata mutanen da ba wanda ya ba da tarihinsu. Lokacin da sojojin Nijar da Chadi suka ƙwato Damasak a Maris 2015, maharan sun riga sun tafi da ɗaruruwan mata da yara, cikinsu akwai aƙalla 300 'yan firamaren Zanna Mobarti, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana. Sun fi 'yan matan Chibok 276 yawa, amma duniya ba ta ɗaga musu kwali ba. Ɗan maƙwabcin su ɗalibata yana cikin waɗanda aka tafi da su. Ta ce tun da ta fara littafin, in ta ji an ce an kashe 'yan ta'adda kaza a bakin tafkin Chadi, sai ta kama lissafin shekarunsa.

Wannan ne ya sa nake ganin Kourouma ya fi nauyi a ma'auni, duk da ɗacinsa. Ba duka yaran da ke cikin Boko Haram aka sace ba. Akwai samarin da suka bi don babur da kuɗin aure, kuma dokar ta-ɓacin 2015 da ta hana hawan babur, ta hana cinikin tattasai da kifin tafki don a toshe wa maharan hanyar kuɗi, ta bar wasu dubbai zaune a gindin bishiya ba sana'a. A Disamban 2016 Mohamed Bazoum, yana ministan cikin gida, ya yi shelar cewa wanda ya ajiye makami za a karɓe shi. Aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, garin da aka haifi Mamani, aka koya musu ɗinki da walda da makamantansu, rukunin farko, mutum fiye da ɗari, suka fito a ƙarshen 2019. Wato Birahima ya dawo gida, yana kasuwa, watakila shi ya ɗinke maka rigar salla. Na tambaye ta ko karatun ya sa ta yafe wa irinsa. Ta yi shiru, can ta ce a cikin littafi tana jin tausayinsa har hawaye, amma in ya zo neman ƙanwarta ba za ta bari a ba shi ba. Ban gyara mata ba. Ɗalibin da ya rubuta mini shafi uku kan falalar yafiya bai kai ta fahimtar littafin ba.

Kourouma yana da nasa laifin. Akwai dogayen shafuka kan Samuel Doe da Charles Taylor da Prince Johnson da Foday Sankoh inda muryar yaron take ɓacewa, sai dattijon marubuci yana ba da darasin siyasa. Ta tsallake su, ban ga laifinta ba.

Akwai kuma gurbin da littattafan biyu suka bari, kuma ita ta nuna mini shi. Sarauniya ta tsira da kwari da baka, Birahima ya tsira da kalashinkof. Mutanen da ta sani ba da makami suka tsira ba. Daren da suka haye kogi, mahaifiyarta ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure hannun yarinyar a nata, jariri a baya, ƙullin gero a ka, kuma da suka taka tudu ba kuka ta fara yi ba, ƙirga kawuna ta yi. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilun 2015, inda aka kashe soja 46 da farar hula 28, hukuma ta ba mutanen tsibiran tafkin Chadi kwanaki su fice, dubbai suka tako a ƙasa zuwa Ngigmi cikin zafin Mayu, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Bayan harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 wasu kusan 50,000 suka sake tasowa, bukkokin zana da leda suka jeru a gefen kwalta. Abin da ya biyo baya shi ne shekaru na layin ruwa, katin rabon abinci, itacen girki da ake shiga daji nema da rai a hannu, ƙosai da ake soyawa a bakin titi don a sayi littafin rubutu. Matan Kourouma ko dai suna riƙe da bindiga ko suna kwance a ƙasa. Innar da Birahima ya yi ta nema, wadda ta yi ta gudu daga gari zuwa gari, ba mu taɓa jin yadda ta kwana ko abin da ta ci ba, labarin mutuwarta kawai muka tarar a ƙarshe. Ɗalibata ta ce da ita ce ta rubuta, da innar za ta bi, ta bar yaron.

In aka ce in zaɓi ɗaya ga ɗan ajin ƙarshe na lise a Diffa, Kourouma zan zaɓa, domin shi ne yake magana kan maƙwabcin da ya dawo daga daji. Sarraounia a ba 'yan kwaleji, su fara da ɗan jiharsu, a kuma tsaya da su sosai a kan janyewar mutanen Lugu, kada a wuce ta da sauri don a kai ga mutuwar Voulet. Roƙona ga 'yan'uwana malamai na Diffa da Maine Soroa da Ngigmi guda ne: in za ku koyar da littafin Birahima, kada ku ce wa yaron da ya zo daga tsallake ya tashi ya ba aji labarin abin da ya gani. Ku ba shi littafin ya tafi da shi gida, in ya ga dama shi zai zo ya same ku.