Jalen Hurts: Ɗan wasan da ya zauna a benci bai bar jami'a ba

A ranar 8 ga watan Janairun 2018, a birnin Atlanta na Amurka, mai horar da 'yan wasan Jami'ar Alabama na lokacin, Nick Saban, ya yanke wata shawara da ta ba mutane mamaki. Da aka tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, sai ya cire jagoran 'yan wasansa, Jalen Hurts, ya sa wani sabon ɗalibi a madadinsa.

A lokacin Jami'ar Jojiya ce ke gaba da maki 13 da nema. Sabon ɗalibin, Tua Tagovailoa, ya juya akalar wasan, Alabama ta yi nasara da maki 26 da 23. Hurts kuwa yana gefe yana kallo, ko da yake sau biyu kacal aka taɓa doke ƙungiyar a shekaru biyun da ya yi yana jagorantarta.

Muhimmancin matsayin

Ƙwallon ƙafar Amurka ya sha bamban da wanda aka sani a sauran ƙasashen duniya. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, kuma galibi da hannu ake jefa shi ko a ruga da shi. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, kuma duk wanda ya kai ƙwallon ƙarshen filin abokan hamayya ya samu maki shida.

Wanda ke jan ragamar kai hari shi ne Amurkawa ke kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallon a farkon kowane yunƙuri, ya duba yadda masu tsaron baya suka jeru, sannan ya jefa wa wani, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Mutum ɗaya ne ke riƙe wannan matsayi, don haka wanda aka cire yakan shafe kakar wasa yana zaune.

A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasan da manyan ƙungiyoyi ke ɗauka. Filin wasan Jami'ar Alabama kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo kusan dubu 100.

Farawa da ƙafar dama

An haifi Hurts a 1998 a jihar Texas, kuma mahaifinsa ne ya horar da shi a makarantar sakandare. Ya shiga Alabama a 2016, ya zama ɗalibin shekarar farko da ya fara riƙe wannan matsayi a jami'ar cikin shekaru 32.

A wannan kaka ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, inda Jami'ar Clemson ta doke su da maki 35 da 31, ana saura daƙiƙa ɗaya a tashi.

Dalilin zamansa

Bayan abin da ya faru a Atlanta, da dama sun yi zaton Hurts zai tattara nasa ya nasa ya koma wata jami'a. Sai dai dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta wancan lokaci ta tanadi cewa ɗalibin da ya sauya makaranta kafin ya kammala digiri zai yi shekara guda ba ya wasa. Wanda ya riga ya samu digiri kuwa, yana iya fara wasa nan take.

Akwai kuma wata kafa. A 2018 an fito da dokar da ta ce wanda bai wuce wasanni huɗu a kaka ba, ba za a lissafa masa shekarar cikin shekaru huɗun da aka ba shi damar wasa ba. Kelly Bryant na Clemson ya yi amfani da ita, ya bar ƙungiyarsa bayan an ba wani matsayinsa. Hurts bai bi wannan hanya ba. Ya ci gaba da karatu, yana shiga fili idan an buƙace shi.

Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci. A ranar 1 ga watan Disamban 2018, a wancan filin na Atlanta, kuma a karawa da Jojiya, Tagovailoa ya ji rauni a idon sawu, ana bin Alabama da maki 28 da 21. Hurts ya shiga, ya jefa ƙwallon da aka rama da shi, sannan ya ruga yadi 15 ya ci na ƙarshe. An tashi 35 da 28.

A cikin wannan watan ne ya karɓi digirinsa a fannin sadarwa.

Shekarar Oklahoma

Digirin ya ba shi damar komawa Jami'ar Oklahoma a 2019 ba tare da jira ba. A can, ƙarƙashin Lincoln Riley, ya nuna cewa ya iya jifa, abin da masu sukarsa suka daɗe suna shakka a kai. Ƙwallayen da ya jefa sun ci tazarar yadi 3,851, ya kuma ƙara yadi 1,298 da gudu.

Ya zo na biyu a zaɓen kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a bayan Joe Burrow. Ƙungiyar Burrow ɗin, ta Jami'ar Jihar Louisiana, ita ce ta kawo ƙarshen wasansa na jami'a, inda ta lallasa Oklahoma da maki 63 da 28, nan ma a Atlanta.

Duk da wannan bajinta, sai da aka zaɓi 'yan wasa 52 kafin ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 2020. A watan Fabrairun 2025 ya kai ta ga lashe kofin Super Bowl, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan.

Dokar da ta sa ya zaɓa tsakanin jira da tafiya ta riga ta kau. A 2021 hukumar NCAA ta amince ɗalibai su sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda ba, ta kuma ba su damar samun kuɗi da sunayensu ta hanyar tallace-tallace. Tun daga lokacin, sauya sheƙa ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan wasan da suka rasa matsayinsu.