Harold Larwood: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A cikin 1934 shugabannin wasan kurket na Ingila suka aika wa wani ɗan wasansu da takarda, suka ce ya sa hannu, ya nemi gafarar mutanen Ostareliya saboda irin jifan da ya yi musu, in yana so a ci gaba da sa shi cikin 'yan wasan ƙasa. Mutumin ya ce atafau ba zai sa ba, domin abin da shugabansa ya umurce shi ne ya aikata. Daga nan bai sake yi wa Ingila wasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sunansa Harold Larwood, kuma a lokacin babu mai jifa da ake tsoro a duniya kamarsa.

Ga masu karatu da ba su saba da kurket ba, wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Ana kafa sanduna uku, mai kulki ya tsaya gabansu yana kare su, mai jifa kuma ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallo daga nisan yadi 22. In ƙwallon ya tuge sandunan, ko mai kulki ya doke shi aka cafe kafin ya taɓa ƙasa, to an fitar da shi ke nan. In kuwa ya doke shi ya yi nisa, sai ya ruga ya tara maki. Ƙwallon nan na fata ne, amma taurinsa kamar dutse, kuma a wancan zamani ba a sa hular kwano.

An haifi Larwood ran 14 ga Nuwamba, 1904, a ƙauyen Nuncargate cikin lardin Nottinghamshire. Ubansa mahaƙin kwal ne, shi ma yana ɗan shekara 14 ya shiga ramin kwal na Annesley, yana kora dawakin da ke jan kaya a ƙarƙashin ƙasa. A 1923 ƙungiyar lardin ta gwada shi a filinta na Trent Bridge, ta ɗauke shi a kan sule 32 a mako, watau daidai abin da yake samu a rami. Ba dogo ba ne, ba kuma ƙaƙƙarfa ba a ido, amma ana ƙiyasta cewa jifansa yakan wuce mil 90 a awa, kuma inda ya auna nan ƙwallon yake sauka. A 1926 aka fara sa shi cikin 'yan wasan Ingila, a 1929 kuma shi da abokinsa Bill Voce, wanda shi ma daga ramin kwal ya fito, suka taimaki Nottinghamshire ta ci gasar larduna.

Sai dai akwai wani tsari da ya kamata a sani. 'Yan kurket na Ingila a lokacin iri biyu ne: 'ya'yan manya masu yi don nishaɗi, da talakawa masu yi don albashi. Ɗakin sa kayansu daban, a wasu filaye ma ƙofar fitowarsu daban, kuma shugabancin 'yan wasan ƙasa na 'ya'yan manya ne. Ba a soke wannan bambanci ba sai 1962. Aikin ɗan albashi shi ne ya bi umurni.

Fitinar ta samo asali ne daga wani saurayin Ostareliya, Don Bradman, wanda ya zo Ingila a 1930 ya tara maki 974 a wasanni biyar, abin da har yau ba wanda ya kamo. Da za a je Ostareliya a 1932 aka naɗa Douglas Jardine shugaba, mutumin da ya yi karatu a Winchester da Oxford, ba ya kuma ɓoye ƙiyayyarsa ga 'yan kallon can. A watan Agusta ya zauna da Larwood da Voce a wani otel a Landan suka tsara dabara: a riƙa buga ƙwallon da ƙasa tun daga nesa domin ya taso ya nufi haƙarƙari ko kan mai kulki, a kuma jera masu cafiya kusa da shi ta gefen da jikinsa yake. In ya kare kansa da kulki a cafe, in bai kare ba ya sha duka. Dokar wasa ba ta hana ba. 'Yan jaridar Ostareliya suka raɗa wa abin suna Bodyline, watau jifan jiki.

Dabarar ta ci. Ingila ta ci wasa huɗu cikin biyar, Larwood shi kaɗai ya fitar da mutum sau 33, makin Bradman kuma ya ragu ƙwarai. Amma a Adelaide, cikin Janairun 1933, abin ya so ya zama tarzoma. A gaban 'yan kallo fiye da 50,000 jifan Larwood ya sami shugaban 'yan wasan Ostareliya, Bill Woodfull, a ƙirji daidai saman zuciya. Maimakon a sassauta, sai Jardine ya jera masu cafiyar nan a kansa. Bayan kwana biyu ƙwallo ya goci kulkin Bert Oldfield ya tsaga masa ƙashin kai, ko da yake shi Oldfield ya ce ba laifin Larwood ba ne. Hukumar kurket ta Ostareliya ta buga waya Landan tana cewa wannan ba halin 'yan wasa ba ne, maganar har ta kai kunnen gwamnatocin ƙasashen biyu.

A wasan ƙarshe a Sydney, Larwood ya riƙe kulki ya tara maki 98, kuma mutanen da suka yi wata uku suna yi masa ihu suka miƙe suna tafa masa. A wannan wasa ne ƙafarsa ta hagu, wadda yake dirawa a kai in zai yi jifa, ta samu karaya. Jardine ya hana shi barin fili sai da aka fitar da Bradman.

Da fari ƙungiyar MCC, wadda ke riƙe da ragamar wasan a Ingila a lokacin, ta goyi bayan mutanenta, har tana aika musu da barka. Da ta ga irin jifan da idonta a gida, ga kuma Ostareliya za ta zo a 1934 da kuɗin ƙofa mai yawa, sai ta fara neman wanda za ta ɗora wa laifi. Ba a ce Jardine ya ba da haƙuri ba, ya dai janye da kansa. Pelham Warner, manajan tafiyar, lambar Sir ya samu a 1937. Ɗan ramin kwal aka kai wa takarda. A ganina wannan ya fi jifan kansa muni.

Ya ci gaba da yi wa lardinsa wasa, har a 1936 ya sake zama na ɗaya cikin masu jifa na Ingila, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Ya bar wasa a 1938, bayan ya fitar da mutum sau 1,427 a manyan wasanni. Bayan yaƙi ya buɗe ɗan kantin alewa a Blackpool, ko sunansa bai rubuta a ƙofa ba.

A nan Jack Fingleton ya same shi a 1948. Fingleton ɗan Ostareliya ne, yana cikin waɗanda suka sha jifansa, kuma ɗan jarida ne. Shi ya lallashe shi ya ƙaura. A 1950 Larwood ya kwashi iyalinsa suka shiga Orontes, jirgin ruwan da ya kai shi can a 1932. Ya sami aiki a kamfanin lemon kwalba a Sydney, tsofaffin abokan hamayya suka karɓe shi hannu bibbiyu, har shi da Oldfield suka zama aminai.

Sai a 1993, yana ɗan shekara 88, idonsa ya kusa tafiya, gwamnatin John Major ta ba shi lambar girma ta MBE. Ya rasu a Sydney ran 22 ga Yuli, 1995. Cikin kayan da yakan nuna wa baƙi har da wani ɗan farantin zuba tokar taba da Jardine ya ba shi bayan tafiyar nan, an zana kalmar godiya a jiki. Har ya mutu bai yarda a zagi Jardine a gabansa ba.