Wata sabuwar leda da ake yi da rogo da ƙurar azurfa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san abin da baƙar leda ke yi mana. Ran kasuwar Mayahi, in an watse, ita ce ke maƙale bisa ƙaya da dannin gonaki. Jar akuya ta haɗiye ta, ta bar kiwo, ta yi ta ramewa, sai mahauci ya fiddo dunƙulen leda daga tumbinta. A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana shigowa da irin wannan leda da saida ta. Amma mai ƙosai da mai kilishin Tasawa dole su samu abin ƙunshe sana'arsu.

To, masana na ƙasashe da dama suna gwada wata leda da ake yi da tsiro. Ana dama gasarar rogo ko ta masara kamar koko, wani lokaci a sa ƙaro, a ɗiga gilisarin don kada ta tsage. Sai a zuba bisa faranti, ta bushe, a ɓamɓaro ta shara-shara. In an yar da ita, ƙasa na cinye ta.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne azurfar da ake sa mata. Ba azurfar zobe ba ce da maƙeri ke bugawa. Ƙura ce wadda ido ba ya gani: sai an jera kamar ƙwara 1.000 kafin su kai kaurin gashin kai guda. Kuma ba niƙa ta ake yi ba. Ana narka gishirin azurfa cikin ruwa, a zuba masa ruwan dafaffen ganye. Ruwan sai ya juye ya yi ƙasa-ƙasa, alamar ƙurar ta fito ke nan. A 2004 masu bincike na garin Pune, ƙasar Indiya, da ganyen dogon yaro suka yi wannan aiki. I, wannan iccen dai da muke karatun yaƙi da jahilci a inuwarsa.

Da laima ta taɓa ledar, azurfa na fita kaɗan-kaɗan, ta huda fatar ƙwayoyin cuta, ta hana su yaɗuwa. Shi ya sa nama ko tumatir da aka rufe da ita ke daɗewa bai lalace ba. Likitoci sun jima da sanin haka. Tun 1881 wani likitan Jamus mai suna Crede yake ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai don kare su daga makanta, kuma har yau akwai man ƙuna mai azurfa a asibiti.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Ledar gasara ba ta jure ruwa, ba za a ƙulla fura ko kunu a ciki ba. Azurfa na da tsada, kuma takan ratsa cikin abinci. In ta taru a jikin mutum tana mai da fata shuɗiya-shuɗiya, ba ta gogewa. Don haka kada wani ya kankare zoben matarsa cikin tulu. Yawancin aikin yana ɗakunan bincike, bai iso kasuwanninmu ba tukuna.

Ni abin da na duba, rogo da ƙaro da dogon yaro duk muna da su. Kafin ledar ta iso, kabar Gulbin Kaba na nan, mata na saƙa faifai da kwando, kuma akuya ko ta ci kaba ba ta mutuwa.